Idan Mota Ta Ce Zafin Gari Ya Kai Digiri 50

Da zarar bazara ta kankama a watan Maris da Afrilu, ba a rasa direban da zai ɗauki hoton allon motarsa a Sakkwato ko Maiduguri ya watsa a Facebook, ga lamba 50 ɓaro-ɓaro, jama'a na ta salati a ƙasa. Sai kuma hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta fitar da nata adadin na wannan rana, a ga bai kai haka ba. Zafi mafi tsanani da aka amince an taɓa aunawa a duniya shi ne digiri 56.7, a kwarin Death Valley na Amurka a shekarar 1913. Don haka motar da ta ce 55 a bakin kasuwa tana buƙatar a bincike ta.

Abin da ke auna zafin ɗan ƙaramin sensa ne, bai wuce kan ɗan yatsa ba, da wayoyi biyu a jikinsa. A cikinsa akwai wani sinadari da ke ƙara barin lantarki ya wuce idan ya ji zafi, ya kuma rage idan ya ji sanyi. Kwamfutar mota ce ke karanta wannan canji ta mayar da shi lamba. Ba shi da alaƙa da allurar da ke nuna zafin inji. Waccan ruwan lagireto take aunawa, kuma hawanta magana ce mai hatsari ta daban.

Mafi yawan motoci, irin su Toyota da Honda, a bayan bambar gaba suke ɗauke da shi, gaban lagireto, kusa da ƙasa. Motocin Faransa da yawa, ciki har da Peugeot 406 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, a ƙarƙashin madubin gefe suke maƙala shi. Wanda ke bayan bamba yana zaune ne tsakanin wuta biyu: ga kwalta da ta sha rana tun hantsi tana huci daga ƙasa, ga inji da lagireto daga baya. A cunkoson ababen hawa kuwa har salansar motar da ke gaba tana busa masa hayaƙi a fuska. Masu auna yanayi na ainihi suna ajiye na'urarsu ne a cikin farin akwati mai kafofin shan iska, a inuwa, kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Ashe ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Masu ƙera motoci sun san da wannan, shi ya sa suka tsara kwamfutar ta yi jinkiri. A motoci da dama lambar ba ta hawa sai an ɗauki hanya an yi ɗan gudu na wasu mintuna. Littafin Honda ya faɗa ƙarara cewa ƙasa da gudun kilomita 30 a awa, zafin titi da hayaƙin wasu motoci na iya rikita awon, kuma ya ba mai mota damar gyara lambar da kansa har digiri 3 sama ko ƙasa. Kuskuren digiri biyu ko uku a cikin gari ba lalacewa ba ce, kada a ɓata kuɗi a kansa.

Lalacewar gaske tana da alamunta. Babbar cikinsu ita ce mota ta nuna -40 da tsakar rana. Wannan lamba kusan kullum tana nufin waya ta tsinke ko soket ya zare, domin idan lantarki ya daina wucewa gaba ɗaya, kwamfuta tana ɗauka sanyi ne ya kai maƙura. Idan kuwa wayoyin biyu suka goge suka haɗu, sai lambar ta cilla sama ta tsaya cak. A wasu BMW a kan 50 take kafewa, dare da rana. Wasu motocin layi-layi kawai suke nunawa a gurbin lambar.

A nan ne asarar kuɗi take shigowa. Motar da esinta ke sarrafa kansa tana dogara da wannan awo. Idan aka gaya mata ana ƙanƙara a waje, sai ta hana kwampireso tashi don kare shi, iska mai ɗumi ta riƙa fitowa. Mai mota ya garzaya wurin mai gyaran esi, a ce masa gas ya ƙare, a ɗura, ba canji. A ce kwampireson ne ya mutu, a canja, ba canji. Alhali soket ɗaya ne yake lilo a bayan bamba. Bai kamata makaniki ya taɓa gas ba alhali allo na nuna -40.

Yawanci kuma bayan wani aiki abin ke faruwa. An ɗan yi karo, an kai wa fanal bita, ya kwance bamba ya mayar, ya manta bai jona sensan ba, ko ya ɗaure shi da waya a jikin lagireto inda zafi ke dukansa. Ruwan damina da taɓo suna sa bakin soket ya yi tsatsa kore-kore, ɓera ma yana cin waya idan mota ta daɗe a ajiye.

Akwai kuma ruɗanin da ba lalacewa ba ne sam. Motocin da aka shigo da su daga Amurka da ma'aunin Farenhait suke zuwa, inda 104 take daidai da 40 a Salshiyas da muka saba da shi. A motoci da dama, daga maɓallan allo ake sauya shi.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Da asuba, bayan mota ta kwana a kashe, a kunna ta a kwatanta lambarta da ta hasashen yanayi a waya ko ta wata motar da ta kwana kusa. Idan tazarar ta yi yawa, a leƙa ta ragar gaba da tocila a ga ko sensan na nan a mazauninsa, a zare soket a goge shi a mayar. In abin ya ci gaba, mai gyaran waya zai ɗora mita a ƙafafun sensan biyu, ya dumtse kan sensan a tafin hannu. Lafiyayye lambarsa a kan mitar za ta riƙa sauka a hankali yayin da yake ɗumama, matacce ba ya motsi. Na'urar binciken kwamfuta kan fitar da lambobin P0070 zuwa P0073 a kan wannan matsala. Idan za a sayi sabo, a nemi na ainihin samfurin motar, domin na wata mota zai iya shiga soket amma ya riƙa ba da awon ƙarya.

Bayan gyara, kada mai mota ya yanke hukunci a bakin gareji. Ya hau titi ya yi tafiyar mintuna kaɗan tukuna, domin wasu motocin sai sun yi gudu suke sabunta lambar.