Mota Ta Miliyoyi, Taya Ta Bola: Don Allah Mu Riƙa Duba Gefen Taya

A watan Afrilun da ya wuce ɗan yayana ya kawo mini motarsa in sa albarka. Ya cire wilin da ta zo da shi ya sa manya masu inci 18, da tayoyin nan marasa tudu da samari ke yayi, baƙi wuluk suna sheƙi. Na tsuguna na goge gefen taya ɗaya da hannun riga. Ga hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙanƙara a cikinsa, ga kuma lamba 3713 a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Na ce masa wannan tayar lokacin sanyin Turai ce, kuma ta haura shekara goma da ƙerawa. Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, 'yar Beljiyam ce fa. Mai shagon ya rantse ta fi sabuwar Chana ƙarko. Dubi zanenta, ko taɓawa ba a yi ba."

Kwana tara bayan nan, da azahar tsaka, ta baya ta fashe masa a kusa da Kwanar Ɗangora, da matarsa da jariri a ciki. Allah Ya tsare, rai bai salwanta ba, amma motar sai ja aka yi. Ina isa na tarar ana ta cewa tsautsayi ne. Mun yarda da ƙaddara, amma mutumin da aka nuna wa rubutu ɓaro-ɓaro ya ƙi karantawa, sakaci ya yi.

Abin da ke ba ni takaici ke nan. Mutum zai zuba miliyoyi a mota, ya sa mata baƙin gilashi da manyan sifiku, amma idan aka zo kan taya sai ya tuna da tsadar rayuwa. Alhali duk nauyin motar da na iyalinsa yana kan wurare huɗu ne, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Birki da sitiyari duk ta nan suke aiki. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008, tayoyinmu daga waje suke zuwa, masu kyau da na bola a haɗe. Tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, amma ga su nan jibge a bakin titi. Ana wanke su a shafa musu mai, wasu ma a sa wuƙa a ƙara wa zanen zurfi, mu kuma muna yi wa rogo kallon kitse.

Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Tana bushewa, ta tsattsage, wayoyin ciki su fara rabuwa da ita. Lambobi huɗun nan na ƙarshen DOT su ne takardar haihuwar taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wato 3713 mako na 37 ne a 2013. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗin cewa taya ta shekara huɗu daga ranar ƙerawa ta ƙare wa'adinta. Ita kuwa mai hoton ƙanƙara, an haɗa robarta da laushi ne don yanayin da bai kai digiri 7 ba. Ka ɗauko ta ka ɗora a kwaltar Kano ko Maraɗi a bazara, inda zafin iska kaɗai ke haura digiri 40, me kake jira? Za ta cinye da wuri, ta yi ta gunji a kan hanya, birki ya ƙara nisa, ga zafi yana taruwa a cikinta. Kuma fashewar taya ba ta san babba ba. A ranar 6 ga Maris, 2016, ita ce ta kifar da motar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya rasu tare da matarsa da ɗansa.

Ga masu son taya ta gudu da shan kwana, ku sani ba a samun komai a taya ɗaya. Mai laushin roba tana kama kwalta sosai, amma ba ta daɗewa. Mai tauri tana daɗewa, amma riƙonta bai kai na waccan ba, musamman da damina. Mai faɗi da manyan zane ta fi ƙara. Mara tudu kuwa tana sa sitiyari ya ji magana, sai dai rami ɗaya ya isa ya sa ta yi ƙulu ko ya lanƙwasa wili. Duba hanyar unguwarku tukuna kafin ka yi wa mota kwalliya.

Sauran bayanin duk yana gefen tayar. Idan ka ga 205/55 R16 91V, 205 faɗinta ne a milimita, 55 tudunta ne, wato kashi 55 cikin ɗari na faɗin, 16 girman wili. Lamba 91 na nufin tana ɗaukar kilo 615, harafin V kuma iyakar gudunta kilomita 240 a awa; H 210 ne, T 190. Kada ka sa wadda ta gaza abin da masu ƙera motar suka rubuta. A tayoyi da yawa za ka ga matakin jure zafi, A ko B ko C. A ƙasarmu nemi A, in ta gagara B. Zane kuma idan ya sauka zuwa milimita 1.6, inda ya daidaita da 'yan tudun da ke cikin ramukansa, taya ta suɗe.

Sai iska. Daina barin mai faci ya danna da babban yatsa ya ce ta yi. Adadin da ya dace yana manne a jikin ƙofar direba, yawancin ƙananan motoci tsakanin PSI 30 da 35. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba a so a kai can. A auna da geji da safe kafin taya ta yi zafi, har da ta ajiya.

Idan kuɗinka bai kai na huɗu ba, sayi sababbi biyu ka sa su a baya, ka rage gudu har ka samu na sauran. Amma ko sabuwa ce a leda, kada ka miƙa kuɗi sai ka tsuguna ka ga lambobin nan huɗu da idonka. Mai shagon da ya hana ka dubawa, ko ka ga an kankare wurin, bar masa kayansa. Ɗan yayana ya rage dubbai a kan taya huɗu, yau wata na biyar ke nan motarsa tana wurin mai gyaran jiki, shi kuma yana hawa adaidaita sahu zuwa aiki.