Ina Peugeot 504 ta shiga?

Duk wanda ya san tashar motar Tanut a shekarun 1980 ya san darajar Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. Ita ce motar alhazai ƴan kasuwa, ita ce ta manyan ma'aikata, ita ke ɗaukar fasinja daga Damagaram zuwa Agadas. Yau sai mutum ya yini a bakin hanya bai ga ko ɗaya ba. Me ya kashe kasuwarta?

An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma daga 1975 masana'antar PAN ta Kaduna ta shiga haɗa motocin Peugeot. Ƙarfin 504 da juriyarta bisa mugunyar hanya suka sa ta karɓu, ga kayan gyaranta a Kano kamar a bakin ƙofa.

Kuɗi ne suka fara yi mata illa. Daga 1986 naira ta yi ta faɗuwa, kayan da Kaduna ke shigowa da su daga Faransa suka yi tsada. A watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Sabuwar mota ta fi ƙarfin albashin ma'aikaci. Sai tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a Kwatano suka cika kasuwa, musamman Toyota mai araha da ƙarancin shan mai.

Na biyu, ƙasar Damargu kanta. Mai zuwa kasuwar dabbobi a Belbeji cikin yashi ya fi buƙatar Hilux ko Land Cruiser. Matasa kuwa baburan ƙasar Sin suka ishe su. Wajen 2006 Kaduna ta daina haɗa 504.

Man fetur ma ya shiga lissafi. Ko da yake matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, tana cikin gundumar Tanut, direbobi da yawa sun saba da man ƴan ruwa-ruwa. Da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, wannan araha ta ƙare.

Ba a nan kaɗai mota mai suna ke rasa masu saye ba. A Amurka, Ford Mustang mai ƙaton inji, wadda aka sayar da fiye da 400.000 a shekararta ta farko bayan fitowarta a 1964, ba ta kai 50.000 ba a 2024. Abokiyar gasarta Chevrolet Camaro an daina ƙera ta a ƙarshen 2023. Masu iyali sun koma ga manyan motoci masu ɗaukar yara da kaya.

Ɗan kasuwan da ke shirin sayen mota ya yi wa kansa tambaya uku: lita nawa take sha, ina ake samun kayan gyaranta, kuma wa zai saye ta gobe in ta tsufa? Zamani riga ne, in ji Hausawa.