Dacewar Amfilifaya da Lasifika

Aikin amfilifaya shi ne ta karɓi sauti maras ƙarfi daga rediyo ko garmaho, ta ƙarfafa shi, ta miƙa wa lasifika. To, amma kowace lasifika da gwargwadon turjiyar da take yi wa wutar lantarki, wadda ake aunawa da om, galibi 4 ko 8. Alal misali, idan aka jona lasifika biyu masu om 8 a baki guda, turjiyarsu ta koma 4. Ke nan amfilifayar da aka ƙera domin 8 za ta ja wuta ninki biyu, ta ɗau zafi, fis ya ƙone, ko ita kanta ta lalace. Saboda haka kafin a zargi na'ura, a kashe ta, a gwada lambar bayanta da ta lasifika.