Littattafan Yara Masu Hotuna da Maganin Tsoro a Bauchi

Yaran da ke firamare a Bauchi yau sun taso a gidajen da suka ga tashin hankali. A unguwar Dutsen Tanshi rikicin Boko Haram ya fara ɓarkewa a watan Yulin 2009. A 2010 aka fasa gidan yarin garin, a Disambar 2014 kuma bam ya tashi a babbar kasuwa. Ga 'yan gudun hijira daga Borno da Yobe, ga labarin sace ɗalibai a Chibok da Ƙanƙara da Jangebe. Manya na tattauna waɗannan a tsakar gida, yara na kasa kunne, ba mai tambayarsu abin da ke ransu.

Wannan ne tushen buƙatar littattafai masu hotuna da ke koya wa yaro natsuwa. Shirin agajin ilimi da hukumar USAID ta fara a 2014 a jihohin Bauchi da Gombe da Adamawa ya haɗa karatu da lissafi da darasin sarrafa zuciya ga yaran da rikici ya raba da gidajensu. Shirin "Mu Karanta!" kuma ya kai littattafan Hausa azuzuwan farko a Bauchi da Sakkwato. Wato an share fage, saura shuka.

Amfanin irin wannan littafi a fili yake. Yaron da ba zai iya cewa "ina jin tsoro" ba zai iya nuna hoton wata yarinya da ta ƙudundune a bayan ƙyaure, ya ce gabanta ne ke faɗuwa. Daga nan malama ta samu ƙofa: ta sa 'yan aji su ɗora hannu a ciki, su ja numfashi a hankali, su ƙirga zuwa biyar, su sauke. Wannan ya sha bamban da abin da muka saba, inda ake kwantar da yaro da barazanar Dodo, ko a ce masa namiji ba ya kuka. Tsoron da aka danne yakan fito ta fitsarin kwance, ko firgita cikin barci, ko ƙin zuwa makaranta.

Sai dai akwai cikas. Wasu daga cikin irin waɗannan littattafai daga waje suke, da hotunan gidaje da tufafin da yaron Gwallaga ko Yalwa bai sani ba. Wasu iyaye kuma na zargin darasin numfashi da cewa ibadar wasu ce, alhali uwar da ke karanta wa ɗanta Falaƙi da Nasi tana shafa masa jiki, natsuwar take koya masa. Littafin da ya haɗa addu'a da numfashi da tatsuniyar Gizo zai fi karɓuwa. Babban cikas shi ne dogaro da tallafi: da Amurka ta rufe USAID a 2025, an ga illar kayan aro.

Littafi ba zai kawo tsaro ba, kuma yaron da abin ya yi wa tsanani likita yake buƙata. Amma ya kamata hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da kwalejojin ilimi na Kangere da Azare, da marubuta da masu zanenmu su haɗa kai su samar da namu, cikin Hausar da yara ke ji. Iyaye kuma, mu riƙa zama muna karanta musu, mu kuma saurari abin da za su faɗa.