Sayar da Doki a Lokacin Faɗuwar Farashi: Tsakanin Haƙƙin Dabba da Saɓanin Malamai kan Namansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa ɗan Adam dabbobi, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Gabatarwa

Ƙasar da ta haɗa Wurno da Rabah da Goronyo ta daɗe da sanin doki. Wurno ribaɗi ce ta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya rasu a 1837, kuma ribaɗi ba ya tsayuwa sai da barga. Har bayan wucewar zamanin yaƙi, doki ya ci gaba da zama abin hawan hakimi da alƙali, da ƙawar gida ranar Salla. Yau al'amarin ya sauya. Babur ya karɓe aikin tafiya, hatsi da harawa sun yi tsada musamman bayan cire tallafin man fetur a 2023, rashin tsaro kuma ya taƙaita zirga-zirga, kamar yadda harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ya nuna. Idan masu sayarwa suka yi yawa, masu sayen na hawa suka ƙaranta, darajar dokin talaka takan faɗi, musamman tsoho ko ramamme.

Daga nan mas'alar wannan maƙala ta taso. A ƙaddara magidanci ne a Lahodu da ke ƙasar Wurno, yana da doki a turke, hatsin da ke rumbunsa ba zai ishi iyali da dabba ba. Ya kai shi kasuwa, sai ya tarar mai tayi mafi tsoka falke ne da ake cewa yana lodin dabbobi zuwa Kudu, inda ake yanka dawaki a wurare irin su Obollo-Afor ta Jihar Enugu. Zai sallama ne, ko zai komo da shi gida? Mafi yawan masu tambaya hukuncin naman kawai suke nema, alhali akwai haƙƙoƙin da suka rigaye shi, waɗanda malamai ba su yi saɓani a kan asalinsu ba.

Saɓanin Malamai kan Naman Doki

Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne haramci. Shaihu Khalil ya jera doki tare da alfadari da jaki cikin abubuwan da aka haramta ci a Mukhtasar ɗinsa, Ibnu Abi Zaid ma ya riskar da naman doki ga na jakin gida a Risala. Tushen wannan yana cikin Muwaɗɗa, inda Imamu Malik ya lura cewa a aya ta 8 ta Suratun Nahli an ambaci dawaki da alfadarai da jakuna da amfanin hawa da ado kawai, alhali da aka zo kan dabbobin ni'ima an ambaci ci. A cikin mazhabar akwai kuma ƙaulin karhanci da na halacci, sai dai fatawa ba a kansu take ba.

Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad sun tafi a kan halacci, haka ma Abu Yusuf da Muhammad ɗan Hasan, almajiran Abu Hanifa. Hujjarsu hadisai biyu ne da Bukhari da Muslim suka ruwaito: na Jabir ɗan Abdullahi, cewa a ranar Khaibara an hana naman jakin gida aka yi rangwame a na doki, da na Asma'u 'yar Abubakar, cewa sun soke doki a zamanin Annabi (SAW) sun ci. Sun amsa hujjar ayar da cewa Suratun Nahli a Makka ta sauka, Khaibara kuwa ta auku a shekara ta 7 bayan Hijira, don haka izinin shi ne na baya. Hadisin Khalid ɗan Walid mai hani, wanda ke cikin Sunan na Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah, manyan malaman hadisi sun raunana shi. Shi kuwa Abu Hanifa ya karhanta, kuma daga illolin da Hanafiyya suka bayar akwai gudun ƙarar da abin hawan jihadi.

Abin da ɗalibi zai riƙe shi ne cewa saɓanin mai ƙarfi ne. Wanda ya bi mashahurin Malikiyya yana kan tafarkin imami, amma ba shi da damar fasiƙantar da wanda ya bi hadisin Jabir.

Wajibcin Ciyarwa

Kafin a kai ga maganar mai saye, akwai haƙƙin dokin a kan mai shi. Khalil ya bayyana a babin ciyarwa cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mamallakinta idan babu makiyaya, kuma idan ya ƙi ko ya kasa, hukuma ta sayar da ita a kansa. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya isa gargaɗi. Doki kuwa ya fi saniya wahalar riƙo: ba ya tuƙa, cikinsa ƙarami ne idan aka kwatanta da jikinsa, saboda haka yana buƙatar ci kaɗan-kaɗan a kai a kai, ga dawa ko dusa da kanwa da ruwa mai yawa. Ɗan kiwon bakin fadama a tsakiyar bazara ba ya riƙe shi.

Saboda haka, wanda ya bar doki yana ramewa a turke don kunyar a ce ya sayar da gadon gidansu, ko don jiran farashi ya tashi, ya faɗa cikin haramcin da babu saɓani a kansa yana gudun wanda ake saɓani a kansa. Faɗuwar farashi asara ce ta dukiya, kuma asarar dukiya ba ta zama uzurin azabtar da rai.

Sayarwa ga Wanda Zai Yanka

Sayar da doki lafiyayye halal ne a wurin kowa, domin yana da amfanin da shari'a ta yarda da shi. Matsalar tana zuwa ne ta ƙa'idar toshe kafar ɓarna, wato saddu zari'a, wadda Malikiyya suka gina hanin sayar da inabi ga wanda aka san zai matse shi giya a kanta. Idan aka auna mas'alar doki da wannan ƙa'ida, halaye uku ke fitowa.

Na farko, mai sayarwa bai san nufin mai saye ba, jita-jitar kasuwa ce kawai. A nan cinikin ya halatta, kuma ba a ɗora masa binciken zukata ba. Na biyu, ya tabbata ko zatonsa ya rinjaya cewa yanka za a yi don ci. Wanda ke bin mashahurin mazhaba ya kamata ya ƙaurace wa wannan ciniki, ya nemi mai sayen hawa ko da kuɗin bai kai ba, ko ya kyautar, ko ya ba da aro ga wanda zai ciyar. Na uku, cinikin ya riga ya auku, dabbar ta fita hannu. Malikiyya suna da ƙa'idar kula da saɓani, kuma a wurinsu cinikin da malamai suka yi saɓani kan ɓacinsa, idan abin sayarwar ya kuɓuce, yakan zartu a kan kuɗin da aka yi shi. Don haka ba a ce wa talakan da ya sayi hatsi da kuɗin ya ciyar da iyalinsa haram ba.

Akwai sura ta huɗu da ake yawan gafala daga gare ta. Daga sharuɗɗan abin sayarwa akwai kasancewarsa mai amfani, kuma Khalil ya buga misali da dabbar da ba a cin namanta idan ta kusa mutuwa: cinikinta bai inganta ba, domin ba hawa ba ci. Mafita a mazhaba ita ce izinin yanka dabbar da ba a ci idan an yanke ƙauna daga rayuwarta, don a hutar da ita. Wannan ya fi jinƙai nesa da a cusa ta cikin mota ta yi kwanaki a tsaye cikin ƙishirwa.

Gaskiya a Ciniki

Kasuwa idan ta faɗi, algus yakan yawaita daga ɓangarorin biyu. Wajibi ne mai doki ya bayyana aibin da ya sani, kamar ɗingishi ko ciwon baya da sirdi ya rufe ko cizo da harbi, in ba haka ba mai saye yana da zaɓin mayarwa. Dillali kuma haramun ne gare shi ya haɗa baki da 'yan uwansa su karya tayi don sun ga mutum cikin matsi, ko ya tare shi a hanya kafin ya san farashin kasuwa, domin an yi hani ga tarbar fatake. Mahaucin da ya cakuɗa naman doki da na shanu ya sayar wa mutanen da suka ɗauke shi haram, ya yi ha'inci a kowace mazhaba. Ko a Turai, inda wasu ƙasashe ke cin doki a sarari, abin da ya tayar da ƙura a 2013 shi ne samun namansa cikin abincin da aka rubuta wa sunan naman shanu.

Darasi ga Masu Neman Dokar Hani

Wasu suna kira da a hana yanka dawaki da doka, kamar yadda Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fatarsu a Fabrairun 2024. Manufar kyakkyawa ce, amma abin da ya faru a Amurka ya cancanci nazari. A 2007 aka rufe mayankun dawaki uku da suka rage a can. Rahoton ofishin binciken ayyukan gwamnati na ƙasar a 2011 ya nuna cewa farashin dawaki marasa tsada ya faɗi, rahotannin wofintar da su sun ƙaru, kuma an ci gaba da kai su yanka Kanada da Meziko ta tafiya mai nisa. Hanin da bai tanadi mafita ga mai dokin da ya gaza ba yakan ƙara wa dabbar wahala. Malaman usulu sun daɗe da faɗakarwa cewa duban makomar hukunci ɓangare ne na ijtihadi.

Kammalawa

Amsar magidancin Lahodu ta dogara ga halinsa. Idan zai iya ciyarwa, ya riƙe dokinsa yana da lada. Idan ya gaza, rabuwa da shi ta wajaba, ya fifita mai sayen hawa, ya faɗi aibi, kada ya ɗora wa kansa zargin abin da bai sani ba. Idan dabbar ta kai gargara, ya hutar da ita ya haƙura da kuɗin. Nauyin da ya rage yana kan masarautu da mawadata: su buɗe bargarsu ga dawakin da masu su suka gaza, su ƙarfafa dillalai kan adalci, domin kada talaka ya rasa mai taya shi sai falken mayanka. Allah ne mafi sani.