Kalmar sirrin da ta buɗe jiya ta ƙi buɗewa yau

An sayo sabuwar kwamfuta a ofis. Injiniya ya zo daga Gusau, ya kwashe komai daga tsohuwar ya zuba a sabuwar, ya karɓi sallamarsa ya kama hanya. Washegari jama'a sun yi layi a bakin taga, akawu ya buga kalmar sirrin da ya shekara uku yana bugawa, allo ya ƙi. Ya goge gumi ya sake, ya ƙi. Nan take za a ce "babu sabis ne". Sau da yawa sabis bai san hawa ba bai san sauka ba.

Duk inda sunaye suka kai dubbai, kamar na ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ko Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ko manoman da ke shan ruwan madatsar Bakolori ta wajen Maradun, littafin rajista ba ya ɗauka. Sai a koma ga rumbun bayanai, wato manhajar da ke zaune a kan babbar kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira saba. Kowane mai shiga rumbun yana da asusu: suna, kalmar sirri, da wasu sharuɗɗa da ba ya gani. Kwana nawa kalmar za ta yi kafin ta mutu? Kuskure nawa za a yi kafin a rufe ƙofa? Waɗannan sharuɗɗa su ne ke sauyawa a ɓoye idan aka canja sigar manhaja ko babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar.

Mu duba SQL Server na kamfanin Microsoft. Kafin sigar 2005, yana karɓar kowace irin kalma, har da babu komai. Shi ya sa a 2002 wata muguwar manhaja mai suna Spida ta riƙa bin intanet tana shiga rumbunan da aka bar babban asusunsu, mai suna sa, ba kalmar sirri. Daga 2005 aka kawo doka, amma rumbun ba shi ke yanke hukuncin ba. Windows yake tambaya. Idan a kan Windows Server 2003 ko wanda ya biyo baya yake, zai bi duk ƙa'idar da aka gindaya a can. Idan kuwa a kan Windows XP ne, sai ya ɗan leƙa kawai, ya hana kalmomi irin su admin da password ya wuce. Manhaja ɗaya, hali biyu. Baƙo ne, abin da mai gida ya ce shi yake bi.

Da aka kai SQL Server kan Linux, wata babbar manhajar daban da Windows, a 2017, sai ya tarar ba mai gidan da zai tambaya, ya zo da tasa dokar: aƙalla harafi 8, a haɗa iri uku daga cikin manyan haruffa, ƙanana, lambobi da alamomi. Idan an kunna wa'adi, kwana 90 ne, alhali abin da Windows ke zuwa da shi kwana 42 ne.

Akwai kuma abin da masana ke kira marayan asusu, kuma ni a ganina shi ya fi kama injiniyoyinmu. Asusun shiga ba a cikin rumbun da aka kwafa yake zaune ba, yana wani rumbun na daban a kan tsohuwar saba, kuma wata doguwar lamba ce ke haɗa su. Ka ƙirƙiri sabon asusu da suna iri ɗaya, lambar ta bambanta, rumbu ya ce bai san ka ba. An kawo akwati, an bar makulli a tsohon gida.

Sauran rumbunan bayanai ma haka suke. Oracle ya fito da sigar 11g a 2007, ya fara bambanta babban harafi da ƙarami, ya kuma sa wa kalmar sirri wa'adin kwana 180. Wata shida bayan girkawa, kowa ya manta da injiniya, sai aiki ya tsaya cak. MySQL, wanda ɗalibai da yawa ke koyon aiki da shi saboda kyauta ne, ya canja hanyar tantance mai shiga a sigar 8.0 ta 2018, tsofaffin manhajoji suka kasa magana da shi.

Abin ya fi ciwo a nan saboda nisa. Wanda ya tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, ya san yadda ake zama da matsala ba halin kiran kowa. Wa'adin kalmar sirri kuwa ba ya jiran sabis ya dawo, agogon kwamfutar yake ƙirgawa.

Don haka, ya kai shugaban ofis, kafin ka sa hannu a takardar biyan injiniya, ka sa ya rubuta maka sigar rumbun, da babbar manhajar da yake kai, da wa'adin kowane asusu. Sannan kowane ma'aikaci ya shiga da nasa a gabanka, tun motar Gusau ba ta tashi ba.