Ayu, Ɗan'uwan Giwa a Kogin Kwara

Daga inda Kwara ya baro Gaya da Malanbil, ya shigo Najeriya ta Dole-Kaina da Lolo a kudancin Kamba, ya ratsa ƙasar Bagudo ya nufi Yawuri, akwai dabbar da masu jin sunanta suka fi masu ganinta yawa. Ita ce ayu. Ko Sarkawa, da ruwa ya zame musu gona, galibi alamarsa suke karantawa: burugun da aka ci cikin dare, kumfa na tasowa daga gurbi, ko ƙofofin hanci biyu da suka leƙo suka shaƙi iska suka nutse.

Wanda ya hangi jikinsa sumul, da faffaɗar wutsiya, zai ce ƙaton kifi ne. To, kama da wane ba wane ba ce. Ayu da huhu yake numfashi, haihuwa yake yi, kuma uwar tana shayar da ɗanta da nonon da ke ƙarƙashin hammatarta. Wannan nonon ne ya sa a bakin koguna da yawa ake danganta shi da matan ruwa.

Wani kuma zai ce ƙanen dorina ne, tunda ruwa ɗaya suke kwana, ciyawa ɗaya suke ci. Nan ma an yi kuskure. Masana masu bin salsalar dabbobi sun gano cewa dangin dorina na kusa su ne manyan dabbobin teku irin su dolfin, shi kuwa ayu gidansu ɗaya da giwa da rema mai zama a kan duwatsu.

An ce zumunta a ƙafa take, kuma a wajen ayu haka abin yake. A ƙarshen hannunsa mai kama da filafili akwai farata irin na ƙafar giwa. Giwa ma a ƙirji nononta yake, tsakanin ƙafafun gaba. Turamen haƙoran su biyun daga baya suke tsirowa, su riƙa turo na gaba har tsoho ya cinye ya faɗi.

Tun 1758 Linnaeus, masanin Suwidin, ya jera ayu kusa da giwa, sai dai da siffa kawai ya yi hukunci, har ya cusa musu baƙi irin su dankunya. A 1950 Bajamushe Willi Hennig ya kafa ƙa'idar a haɗa halittu bisa kakan da suka haɗa. A 1998 binciken ƙwayoyin gado ya tattara ayu da giwa da rema da dabgi a zuriya guda mai tushe a Afirka, aka sa mata suna Afrotheria.

Sunan da ayu ya yi a ƙasar Hausa shi ya jawo masa. Ana buga misali da shi wajen yawan sha'awa, masu magani na tallar man ayu kasuwa-kasuwa, ga nama, ga raga da ke shaƙe shi. Alhali uwa na ɗaukar ciki kusan shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya tak, ta daɗe tana renonsa. Shi ya sa a 2013 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. A ruwan da Najeriya da Nijar da Benin suke tarayya a kai, kiyaye wannan doka sai da hannun Sarkin Ruwa da masuntansa.